Kamu Ɗaya Tsakaninta da Inna

Wata goma sha huɗu kafin tafiyar Stamatia ta kama ɗakin. Jirgin ruwan yawon shaƙatawar yana ɗaukar mutum dubu da ɗari biyar, amma ɗakunan da keken guragu ke iya shiga guda huɗu ne rak, in ka yi sanyin jiki sai ka tarar an kwashe. Fom kala uku ta cike. Ta auna faɗin kekenta da tef ɗinta na ɗinki, ta sa mijinta Lefteris ya kai shi sikelin mai sayar da dankali aka ga nauyinsa, ta dinga kiran ofishin kamfanin har yarinyar da ke ɗaga wayar ta haddace muryarta. Tambayarta ɗaya ce kullum: in an isa tsibirinsu, jirgin zai jingina da gaɓa ne a shimfiɗa gada ta gangara da kekenta? Aka ce mata haka aka tsara.

Ita ba ruwanta da wurin ninkaya da makaɗa da abincin da ba ya ƙarewa. A cikin kwana biyar ɗin nan awa shida kawai take so, awa shidan da jirgin zai yi a tsibirin da aka haife ta, don rabonta da mahaifiyarta shekara goma sha ɗaya ke nan. Tun ranar da wata motar kaya ta kwashe ta a bakin kasuwar kifi ta Pireyas, tashar jiragen ruwan Atina, daga ƙugu zuwa ƙasa komai ya mutu, hanyar gida ta toshe mata. Jirgin fasinjan da ke zuwa can duk mun san shi: awa tara a ruwa, matakala kan matakala, lifta kullum ana gyara, in ya isa kuma ya saki ƙofar baya na minti biyar, ma'aikata na ihu, kowa ya yi ta kansa. Gidan nasu kuwa yana can ƙolin tudu, hawa ɗari biyu da ashirin, jaki ma sai ya tsaya ya huta a tsakiya.

Ita kuma mahaifiyar tata, Inna Marigo, shekararta casa'in, tun da teku ta ci mijinta ba ta sake taka abin da ke yawo a kan ruwa ba. Kunne ya yi nauyi, in an kira ta a waya sai ta yi ta "Wa ke nan? Wa ke nan?" ta kashe. Ido ya yi yana. Da hannu take gane mutum yanzu, ta ɗora tafinta a goshinka ta shafo har haɓa, sannan ta kira sunanka. An shirya maƙwabta za su sauko da ita shagon gahawa na bakin gaɓa ta jira. Hannun nan Stamatia ke so a fuskarta kafin ɗayarsu ta mutu, kuma so take ranar ya zama ita kaɗai ce a gaban tsohuwar.

Ita kaɗai, domin akwai Fotini. Fotini ƙanwarta ce, autar gidan, mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun suna yara ba a ɓoye wa kowa wadda aka fi so ba. Stamatia aka tura Atina koyon ɗinki tana shekara sha huɗu, Fotini aka riƙe a gida har aure. Duk watan Agusta Fotini kan tafi tsibirin ta yi sati uku, ta dawo fata ta yi duhu, ta dire zuma da cuku a teburin Stamatia ta ce, "Inna na gaishe ki." Abin da Stamatia ke samu na uwarta ke nan duk shekarun nan, gaisuwa ta bakin Fotini. Shi ya sa ta yi shirinta a ɓoye. Amma Lefteris, tsohon direban bas, mutumin kirki ne wanda cikinsa ba ya riƙe magana. Ya saki zancen a wajen cin abincin bikin Ista, Fotini ta tafa hannu ta ce ai ba za a bar ta a baya ba. Washegari ta sayi tikiti, ta kuma fasa zuwan Agustan bana, wai gara a haɗu a je wa Inna gaba ɗaya a Satumba.

Saura kwana goma tafiya Fotini ta hau tsani tsinkar ɓaure ta faɗo, idon sawu ya karye. Aka ɗaure mata ƙafar dama da filasta irin mai ƙanƙarewa, daga yatsu har gwiwa, aka ba ta sanduna biyu na hammata. Stamatia ta ce Allah ya sawwaƙe, a ranta kuwa ta ce madalla, tafiyar wata ta fasu. Ta manta halin ƙanwarta.

Tun a ƙofar shiga jirgin aka fara. Ma'aikata biyu na hango farar ƙafar nan suka rugo da keken aro. "Ayya, uwargida, me ya same ki?" Stamatia na gefe a nata keken da roban hannunsa ya gama cinyewa, ba wanda ya tambaye ta abin da ya same ta. An daina yi mata wannan tambayar tuntuni. Mutane in sun ga ka daɗe a kujera sai su ɗauka da ita aka haife ka.

Fotini kuwa ta samu abin da take so. A rana ta farko tsanin hawa biyar ne. Da yamma ya zama takwas. Washegari har da wani karen maƙwabta da ya bangaji tsanin, wanda Stamatia ba ta taɓa jin labarinsa ba. Wasu mata daga garin Larisa suka ciro biro suka rubuta mata addu'a a jikin filastar, wani tsoho ya zana mata jirgin ruwa, kafin a ce haka ƙafar ta cika da rubutu babu masaka tsinke. A ɗakin cin abinci masu hidima kan durƙusa su gyara mata matashi a ƙarƙashin dunduniya, sannan su juyo wajen Lefteris su nuna Stamatia da haɓa.

"Ita kuma me za ta ci, maigida?"

"Ƙafafuna ne suka mutu, ɗana," in ji Stamatia. "Bakina na nan da ransa. Kifi za ka kawo mini, kuma kada ka cika masa gishiri."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne hannun Lefteris. Lungunan jirgin dogaye ne, an shimfiɗe su da kafet mai kauri wanda ke riƙe taya. Shekara goma sha ɗaya hannayen nan biyu suna bayan kekenta, ko a coci ko a asibiti. Yanzu keke biyu ne, mai turawa ɗaya.

"Ke ai kin ƙware," in ji shi, yana kama na Fotini. "Ita wannan kin ga ɗazu saura kaɗan ta shige cikin tukunyar furanni."

"Na ƙware," in ji Stamatia. "Sai a ba ni lambar yabo."

"Yaya, don Allah in ya dame ki ya tura ki," in ji Fotini. "Ni sai in lallaɓa da sanduna."

"Wa ya ce ya dame ni? Ku yi gaba."

Suka yi gaba suna dariyar wani abu, ita ta biyo su tana murza taya har kafaɗunta suka ɗau zafi. Ba zargin komai take yi tsakaninsu ba, Lefteris ba shi da wannan wayon. Kishi ne tsagwaronsa, na ganin ciwon da zai warke nan da sati shida ya fi nata daraja a idon kowa.

Ɗakin ma da ta sha wahalar kamawa bai tsira ba. Bayin ɗakin Fotini yana da dokin ƙofa mai tsayi, ba kujerar wanka, ba ƙarfen dafawa. Saboda haka kowace safiya sai ga ta ƙwas ƙwas da sanduna, ƙafa a cikin leda, ta shige bayin Stamatia ta yi minti arba'in tana waƙa, ta fito ta bar jiƙaƙƙen tawul a kan ƙarfen da Stamatia ke kamawa in za ta tashi. A liyafar kyaftin kuma, da mutumin ya zo zaga tebura, sai da ya russuna ya sa hannu a filastar, a daidai ƙauri, aka ɗauki hoto. Da ya zo kan Stamatia ya dafa kafaɗarta ya ce, "Jaruma," ya wuce. Ta haɗiye duk wannan. Ta ce wa ranta gobe ne dai, gobe in gada ta sauka ita za ta fara gangarawa, ta san keke ya fi sanda sauri.

Da safe Lefteris ya hau sama ɗauko musu gahawa, Fotini na bayi. Stamatia ta ji wani tim, waƙa ta tsaya. Ta tura ƙofar ta tarar da ƙanwarta zaune dirshan a ƙasa, sanda ɗaya ta sulale a kan ruwan sabulu.

"Kin ji ciwo?"

"Ko kaɗan. Santsi ne." Fotini ta kama ƙarfen ta miƙe tana dariya, tana shafa ɗuwawu. "Yaya, don girman Allah kada ki gaya wa Lefteris. Kin san shi, yanzu sai duk jirgin ya ji."

Ba su gama sa kaya ba lasifika ta yi ƙara. Kyaftin ne da kansa. Ya ce iskar arewa ta tashi tun asuba, mashigar tashar kuma ƙarama ce, ba zai yi kasadar kai jirgin gaɓa ba. Za a tsaya a tsakiyar ruwa, ƙananan jirage masu inji su yi ta jigilar mutane. Masu larurar tafiya su sauka hawa na uku su ga jami'a. Stamatia tana riƙe da ɗan kunne ɗaya a hannu, ta kasa samun hujin kunnenta.

A hawa na uku an manna layi biyu na rawayen salatif a ƙasa, tazararsu kamar kamu ɗaya. Jami'ar da ke kula da masu larura, wata doguwar mace mai suna Kaliopi, tana tsaye da allon rubutu a ƙirji. Ta yi bayani a hankali, da ganin ta ba yau ta fara ba. Tsakanin ƙofar jirgi da ƙaramin jirgin akwai rata kamar wannan, ƙaramin kuma hawa yake yana sauka da igiyar ruwa. Duk mai son sauka sai ya tsallake daga layin nan zuwa wancan da kansa, ba tare da an riƙe shi ba. Wanda bai iya ba, sai dai ya yi haƙuri.

"Mijina zai ɗauke ni," in ji Stamatia. "Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukata, bai taɓa yar da ni ba."

"Na yarda, uwargida. Amma ba a ɗaukar mutum a bakin ruwa. In ya zame ku biyu za ku faɗa tsakanin jirage."

"An ce mini gada za a shimfiɗa. Sau tara na tambaya."

"Haka aka so. Yana cikin takardar da kika sa wa hannu, cewa in yanayi ya canza..."

"'Yata, uwata na can a zaune. Shekararta casa'in. Ga ta can, in kin leƙa taga za ki hango rumfar shagon gahawan."

Kaliopi ta sunkuyar da kai. "Na rantse miki da ina da yadda zan yi da na yi."

Lefteris ya sa baki, ya ce shi tsohon direba ne, ya san doka, amma ya san kuma akan ɗaga ƙafa. Ya ce a ɗaura mata igiya, a sa mata rigar ruwa biyu, shi zai sa hannu cewa in wani abu ya faru laifinsa ne. Duk a banza. Stamatia ta zauna tana kallon layukan nan biyu. Faɗinsu bai kai yadin da take yanke wa hannun riga ba.

Sai aka kira Fotini. Ta gyara sandunanta, ta lanƙwasa ƙafar nan mai rubuce-rubuce baya, ta kafa sanduna a wancan layin, ta yi lilo ta dira. Ta ɗan yi tangaɗi, ta tsaya. Matan Larisa da ke layi suka ɗau tafi, wani ya yi fito. Fotini ta juyo fuska cike da murna, da ta haɗa ido da yayarta sai ta rage murmushin, ta lallaɓo kusa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Kawo rigar in kai mata. Zan ce kina gaishe ta."

Rigar na kan cinyar Stamatia a ƙunshe, baƙar riga ta ulu da ta ɗinka da hannunta, ta sa mata manyan maɓallai a gaba don yatsun da ba ido su iya ɓallawa. Ta ga hannun Fotini ya miƙo. Ta ga abin da zai biyo baya kamar a gabanta ake yi: tafin Inna a goshin Fotini yana shafowa, yana gangarawa har filastar, kukan tausayi, "'yar autata, me ya same ki," rigar kuma a ajiye a kan kujera. Wani abu ya taso mata daga ciki, mai zafi, kuma ba ta yi ƙoƙarin danne shi ba.

"'Yata," ta ce da Kaliopi, da murya a kwance. "Hakkinki ne ki sani. Wannan ta faɗi yau da safe a bayina. Jiri ne ya kwashe ta. Sai da na yi ta kiran sunanta kafin ta farfaɗo."

Fotini ta zabura.

"Yaya!"

"Ƙarya na yi ba ki faɗi ba?"

"Santsi ne! Sabulu ne! Yaushe na suma? Yaya, ki ji tsoron Allah!"

"Kin faɗi da safen nan, uwargida?" in ji Kaliopi.

Fotini ta dubi yayarta. Ba ta iya ƙarya da sauri ba, nata gwanintar a ƙara wa tsani hawa ta tsaya. "Na faɗi, amma..."

Kaliopi ta rubuta wani abu. Ta ce tunda an ambaci suma, dole sai likitan jirgi ya gani. Likitan ya auna jinin Fotini ya tarar ya hau, wanda ba abin mamaki ba ne ga matar da ke kuka tana zagin yayarta tun daga lifta. Ya sake aunawa bayan minti ashirin, bai sauka ba. Ya ce shi ba zai sa hannu mai ƙafa ɗaya da hawan jini da labarin suma ta tsallaka ruwa a irin iskar nan ba.

Gaskiya ita ce, a daidai lokacin Stamatia daɗi ta ji. Wani sanyi ya sauka mata a ƙirji wanda rabonta da shi tun kafin su hau jirgin. Yau dai an yi kunnen doki, ba mai kai gaisuwar wata.

Lefteris bai yi faɗa ba. Ya tsaya a gabanta yana kallonta kamar ya ga baƙuwa.

"Da gaske ta suma?"

"Ka tambaye ta mana."

"Ke nake tambaya, Stamatia."

Ya sunkuya ya ɗauki ƙunshin rigar daga cinyarta, ya karɓi ledar magungunan da Fotini ta sayo wa Inna, ya tsallake layukan nan biyu da taku ɗaya, ya bi sahun masu sauka. Bai kai ta sama ba kafin ya tafi, ita ta kai kanta.

A saman jirgin kusan ba kowa, duk an sauka. Tsibirin na nan a gabanta, fararen gidaje sun hau tudu, cocin da aka yi mata baftisma, hanyar jakai. Gaɓar ce kawai ba ta gani. Katakon da aka ɗora a kan shingen jirgin ya zo daidai idon wanda ke zaune, ƙasansa kuma jiragen ceto sun tare. Ta matsa gaba, ta matsa baya, ta dafa hannun keke ta ɗaga jikinta iya ƙarfinta. Ba ta ga komai ba sai sama da katako.

Can ta ji ƙwas ƙwas. Fotini ce, ido ya kumbura, ta rataya madubin hangen nesa da ta aro a wajen wani ma'aikaci. Ba ta dubi yayarta ba. Ta jingina da shingen taku biyar daga gare ta, ta sa madubin a ido. Suka daɗe a haka, iska na kaɗa musu gashi. Stamatia ta rantse a ranta ba za ta tambaya ba. Ta yi minti goma da rantsuwar.

"Tana nan?"

Fotini ta gyara madubin a idonta.

"Fotini. Tana nan?"

"Tana nan."

"Me take yi?"

"Me kike so ta yi? Rawa?" Fotini ta ja hanci. "Ba ta zauna a rumfa ba. Ta sa an kawo mata kujera bakin matakalar da ake fitowa. A rana."

"Wa ke tare da ita?"

"Matar mai gidan burodi. Ta riƙe mata lema, iska na juya ta." Ta juya madubin. "Wani jirgin ya iso. Ta miƙe. Tana miƙa hannu, duk macen da ta wuce sai ta taɓa ta. Wata Baturiya ta kauce."

Stamatia ta damƙe tayar kekenta.

"Ga Lefteris nan. Ya durƙusa. Tana shafa fuskarsa. Ta gane shi, tana dariya." Muryar Fotini ta karye. "Tana laluben bayansa. Tana neman na bayansa, Yaya. Ta ture shi gefe tana lalube."

Sanyin nan da Stamatia ta ji ɗazu ya tafi, ba ta ma san lokacin da ya tafi ba. Ta juya keken da ƙarfi, ta nufi lifta, ta sauka hawa na uku. Kaliopi na nan tana ɓare salatif ɗin daga ƙasa.

"'Yata, ƙarya na yi. Ba ta suma ba. Santsi ne kawai, ni na ƙara gishiri. Ki bar ta ta je."

Kaliopi ta miƙe, salatif a dunƙule a hannunta. Ba ta tambayi dalili ba, kuma Stamatia ta fi son a ce ta zage ta.

"Likita ya riga ya sa hannu, uwargida, shi kaɗai zai warware. Ko ya warware ma, iska ta ƙaru. Tun ƙarfe sha biyu kyaftin ya ce a daina kai mutane, sai dai a kwaso na can."

Ta koma sama. Fotini na nan inda ta bar ta, a kan ƙafa ɗaya, ta ƙi zama. Stamatia ba ta gaya mata inda ta je ba, Fotini ba ta tambaya ba. Lokaci lokaci dai takan yi magana, ba don yayarta ba, kamar mai yi wa kanta. An shigar da ita rumfa. Ta ƙi cin abinci. Ta sake fitowa. An kawo jakin da zai mai da ita gida. Ta ƙi hawa.

Ƙarfe huɗu saura Lefteris ya dawo a jirgin ƙarshe, wandonsa jiƙe har gwiwa, wuyansa ya ƙone da rana. Ya same su a saman. A hannunsa akwai tsohuwar sandar icen zaitun, kanta ya yi sumul don riƙo. Dukansu sun san ta, ta mahaifinsu ce, da ita Inna ke dogarawa shekara ashirin. Ya miƙa wa Fotini.

"Ta ce ki riƙa takawa da wannan in an cire miki filasta. Ta ce sandunan asibiti ba su da albarka."

"Ita da me za ta yi tafiya?" in ji Fotini, hawaye na zuba.

"Na faɗa mata. Ta ce ita ina za ta kuma."

Ya zauna a kan benci yana cire takalmi, yana zazzage ruwa. Ya ce ya gaya mata likita ne ya hana, bai ƙara komai ba. Ya ce da ta ji labarin ƙafar sai da ta sa ya nuna mata a tasa ƙafar daidai inda ƙashin ya karye, ta yi ta shafawa tana kuka. Ta tambaya wa ke yi wa Fotini girki, wa ke yi mata wanka, wane ɗan banza ne ya bar ta ta hau tsani.

Jirgin ya yi ƙaho, ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin tayoyin keken. Stamatia ta jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Ya duƙufa a kan igiyar takalminsa.

"Ni fa?"

"Ta karɓi rigar. Ta shafa maɓallan, ta ce sun yi."

"Ba rigar na tambaye ka ba. Da ka ce mata ban samu sauka ba, me ta ce?"

Lefteris ya dubi teku. Shekara arba'in suna tare, ta san in yana neman ƙaryar da zai yi, ta kuma san ba ya samu.

"Ta ce ita dama ba ta sa rai ba. Ta ce ina mai keke ina teku."

Stamatia ta gyaɗa kai a hankali. Tsibirin ya fara juyawa, cocin ya shige bayan tudu.

"Ba ta ba ka saƙo ba? Ko kalma ɗaya?"

"Ta bayar."

"To faɗi mana."

Ya ɗago ya dubi Fotini, ya dubi matarsa, ya mayar da ido kan takalmin.

"Ta ce in gaya miki ki kula mata da ƙanwarki. Ta ce ke kika san ciwon ƙafa, ba wanda za ta bar wa amanarta sai ke."